Na Shuka Abincin Taimako, Bai Tsiro Ba

Zuwa ga Mai Girma, Uban Manoma, Mushe (wato Yallaɓai) Darekta na Kamfanin Gyaɗa Zalla, Damagaram.

Bayan gaisuwa da durƙuso, ina fatan ka karya kumallo lafiya. Mu mun ɗage namu zuwa jibi. Ni ne Gambo na Gaffati, wanda ka rataya wa lambar yabo shekara shida da suka wuce don na kori gero kaf daga gonata na zuba gyaɗa. Ga damina ta ƙarato, ba ni da irin gero ko tiya guda, kuma wallahi tsoro nake ji.

Na ɗaya. Ma'aikacinka ya ce mana gero noman kakanni ne, mai gyaɗa sayen geron wasu yake yi. Allah ya saka masa. Sai dai bai gaya mana ya kai wa waɗannan wasun irin wannan nasiha ba. Da aka yi fari gyaɗa ta ƙone, muka haɗu a kasuwa, kowa da buhu, kowa ya zo sayen geron ɗan'uwansa.

Na biyu. Yanzu tuwonmu jirgin ruwa ke kawo shi, kamyo, wato babbar mota, ya ƙaraso da shi. Ranka ya daɗe, garin da bai taɓa ganin kwale-kwale ba, yaya aka yi cikinsa ya koma hannun matuƙin jirgi? Yara sun daina duban hadari, hanyar mota suke duba. Limaminmu ma yana neman fatawa: roƙon ruwan bana mu za a yi wa, ko mutanen ƙasar da ke aiko mana?

Na uku, kuma a nan kunya ta kama ni. An raba mana tsakin masara rawaya, aka yi yayyafi, na ɗauki rabin rabona na nufi gona. Matata Indo ta tare ƙofa ta ce, "Malam, abin da aka niƙa ba ya tsiro!" Na ce mata abin Turawa ne, ba a sani ba. Kwana tara ina gadin gonar nan. Zabin maƙwabcina Habu sun yi ƙiba har ba sa iya tashi, Indo kuwa har yau da ido take gaishe ni.

Don haka tiya guda nake roƙo, geronmu na Damagaram, wanda bai ga injin niƙa ba. In ta gagara, to a taimaka a isar da gaisuwata ga manomin can bayan teku da ban san sunansa ba, a ce masa 'ya'yana biyar suna wuyansa. In kuwa kamfaninka yana da biro, wato ofis, a garinsu, don girman Allah a rufe shi kafin manomin ya ji labarin gyaɗa.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Gambo Suma'ila, Gaffati.