Ranar da Na Kusa Kyautar da Gidan Alhaji Tanko

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da muka yi bikin gama sakandaren 'yata Rahila. Ko na so in manta ma, matan cocinmu ba za su bari ba.

A lokacin muna zaune a Tompkinsville, can tsibirin Staten Island, a wani ɗan gidan bene da muke haya a hannun Alhaji Tanko, dattijo ɗan zangon Kumasi mai shagon kayan abincin Afirka. Ni ina aikin nas, maigidana Yakubu yana tuƙa bas. Mun haura shekara goma a Amurka, kuma a ganina babu abin da ya rage ban sani ba a ƙasar. A zumuntar matan coci ni ake tambaya wane jirgin ƙasa ake hawa zuwa unguwar Tremont, da yadda ake yi wa likita bayani. (Ba kullum nake sanin amsar ba, amma wannan bai taɓa hana ni amsawa ba.)

Da gama makaranta ya matso, Rahila ta same ni a kicin. Da Hausa nake yi mata magana, ita kuma da Turanci take amsawa, haka muka saba.

"Mama, don Allah kada a kama ɗakin taro a yi ta jawabi. Open house nake so, irin na ƙawayena."

Na buɗe baki zan tambayi mene ne shi, sai na tuna ni ce wadda ta san Amurka. Allah ya rufa mini asiri, ta ci gaba da bayani da kanta: a buɗe gida daga rana zuwa yamma, kowa ya zo lokacin da ya ga dama, ya ci, ya taya murna, ya kama gabansa.

Na ce, "To ai wannan Kirsimetin Kafanchan ne aka sa masa sunan Turanci. Bar mini komai."

Gaskiyar magana akwai abin da ke cin raina. Shekarar da ta wuce Maman Bulus, shugabar zumuntarmu, ta yi wa ɗanta biki a unguwar Soundview, kuma har lokacin ba a daina zancen farfesunta ba. Ƙawata ce, ina son ta, amma na ƙudura sai an manta da farfesun nan.

Na ɗauki hutu a wurin aiki. Na jiƙa shinkafar masa, na soya cincin har hannuna ya ƙage, na dafa zoɓo, na dama kunun gyaɗa. Na sa Yakubu ya wanke tagogi, ya shafa wa matakala fenti. Har banɗaki na saya wa sabon labule. Gidan ya yi kyan da bai taɓa yi ba tun da muka tare.

Abu ɗaya ya rage. Layinmu a ɓoye yake, kan tudu, kuma yawancin baƙinmu daga Bronx za su taso, su hau jirgin ƙasa, su hau jirgin ruwa, sannan su fara neman gida. Na san halin mutanenmu, sai su ɓata su ce ni ce ban yi kwatance daidai ba. Ana gobe biki na shiga wani kantin kayan gini zan sayi kwali da fenti in rubuta alama. Ina shiga sai ga shi a jere a kan kanta: alluna jajaye, an buga OPEN HOUSE da manyan haruffa, har da kibiya, har da ƙarfen cakawa a ƙasa.

Na tsaya na jinjina wa Amurka. Na ce ka ga ƙasar da ta ci gaba, har allon bikin yara an buga an ajiye. Na kwashi guda nawa hannuna ya iya ɗauka. Mai kantin ya ce mini, "Allah ya kawo wanda zai yaba." Na ce amin, a raina ina tunanin masa.

Da safen Asabar Rahila ta tafi Harlem kitso, kuma duk wanda ya san kitson Harlem ya san ba a cewa ga lokacin dawowa. Yakubu ya ɗauki mota ya tafi neman ƙanƙara, daga nan zai wuce tashar jirgin ruwa ya jira baƙi. Ni kuwa na ɗaura ɗankwali na bi unguwa ina caka alluna, tun daga babban titi har ƙofar gida, kowanne da balan-balan a ɗaure. Na dawo na yi wanka, na sa leshina, na buɗe ƙofa na tokare ta da kujera.

Baƙin farko Turawa ne, mata da miji, masu matsakaicin shekaru, sun yi shiga ta mutunci. Nan take na ce malaman Rahila ne. Zuciyata ta yi fari. Maman Bulus da duk farfesunta ko malami ɗaya bai je bikinta ba.

"Ku shigo, ku shigo! Gidanku ne!"

Mijin ya yi dariya ya ce, "To, za mu gani." Matar ta tambaya ko za su iya zagayawa. Na ce me zai hana. Na san Bature da son ganin yadda ɗalibi yake rayuwa a gida (ban san inda na samo wannan ilimin ba).

Suka fara zagaye ina biye da su da farantin masa. Matar ta buɗe kabad ɗin kicin ta leƙa. Mijin ya ƙwanƙwasa bango da yatsa ya kasa kunne. Suka hau sama, ya shiga banɗaki ya kunna famfo, ya ja ruwan masai ya tsaya yana kallon yadda yake tafiya. Na ɗan ji wani iri, amma na ce al'ada ce, kowa da tasa. Na ma gode wa Allah da na sayi labulen nan.

Muna tsaye a ƙofar ɗakin Rahila, inda na rataye hotonta da hular gama makaranta, mutumin ya dubi sama ya ce, "Shekara nawa ke nan?"

Na ce, "Sha takwas."

Ya ɗaga gira. "Sha takwas? Na ɗauka an fi haka sosai."

Raina ya ɗan sosu, amma na daure. Na ce, "Wahala ce. Dare da rana ba hutu."

Matar ta dafa hannuna cikin tausayi. "Rabuwar za ta yi miki wuya, ko?"

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, na tuna Rahila ta kusa barin gida ta tafi ƙaro karatu. Na ce, "Sosai. Amma lokaci ya yi, ba yadda zan yi. Ba a riƙewa har abada."

"Akwai wata matsala da ya kamata mu sani?" in ji mijin.

"Taurin kai ne kawai, wani lokaci."

Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce duk tsofaffin haka suke, musamman lokacin sanyi. Ban gane ba, amma na taya shi dariyar.

Kafin mu sauko falo ya fara cika. Mutanenmu sun iso, Baba Fasto yana kan kujerar tsakiya, Maman Bulus ta kafa gwaggwaronta a gefen tebur tana duba masata kamar mai binciken tsafta. A tsakaninsu kuma ga wasu fuskokin da ban sani ba: wani saurayi da matarsa mai ciki, wata tsohuwa da jaka, wani mutum da ya wuce kowa ya nufi ɗakin ƙasa yana tambayar ina injin ɗumama gida yake.

Maman Bulus ta ja ni gefe. "Maman Rahila, su wane ne waɗannan?"

Na gyara ɗaurin kaina na ce, da ƙarfi yadda na kusa za su ji, "Malamanta ne. Kin san yarinyar da farin jini a makaranta."

"Malamai ne suke buɗe miki firij?"

"Haka tsarin yake a nan," na ce. "Shi ya sa ake ce masa open house."

Ta ce, "Uhm." Wannan uhm ɗin har yau ina jin sa a kunnena.

Ana cikin haka Baturen nan na farko ya dawo wurina, matarsa tana riƙe da hannunsa, fuskarsu cike da fara'a. Falon ya ɗan yi shiru don Baba Fasto yana shirin yin addu'ar abinci. Mutumin ya ce, "Madam, gaskiya mun yaba. Nawa kike nema?"

Na ɗauka abincin yake nufi. Na ce a raina, wayyo Bature, ko a gidan biki sai ya nemi biya. Na buɗe hannuwa na ɗaga murya don kowa ya shaida karamcinmu.

"Haba! Kyauta ne! Ba ma karɓar ko sisi. Duk abin da kuka gani a nan, ku ɗauka!"

"Ei! Maman Rahila!"

Na juya. Alhaji Tanko ne a bakin ƙofa, cikin babbar riga, yana haki don ya hawo tudun da sauri. Hannu ɗaya yana riƙe da sabon akwatin tafiya da ya kawo wa Rahila, ɗaya hannun kuma allona ne, ya tumɓuko shi da ƙasarsa, balan-balan tana lilo a saman hularsa.

"Maman Rahila, gidana kake sayarwa?" (Hausarsu ta Kumasi ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne.) "Tun daga titi nake bin kibiya, ina cewa wane maƙwabci ne zai tashi bai gaya mini ba. Kibiya ya kawo ni ƙofana! Na shigo kuma na ji ka ce kyauta!"

Na ce, "Alhaji, sannu da zuwa, wane gida kuma? Bikin Rahila ne."

"To wannan allo fa? Wannan ai na dillalai ne! In za a sayar da gida shi ake kafawa, masu saye su shigo su duba!"

Kun san yadda mutum yake ji idan ya taka matakala a duhu ya tarar babu ita? Haka na ji. A take komai ya dawo mini: famfo, bango, shekara sha takwas, taurin kai lokacin sanyi. Na dubi Baturen, ya dube ni. Ya ce a hankali, "Ba gidan ne mai shekara sha takwas ba?"

Wani daga cikin mazan cocinmu ya fara tari, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi. Baba Fasto ya sunkuyar da kai kamar mai addu'a, amma kafaɗunsa suna rawa. Maman Bulus kuwa ba ta ɓoye komai ba, ta zauna a hannun kujera tana share hawaye da bakin gyale tana cewa, "Malamai! Wayyo cikina, malamai!"

Daidai nan Rahila ta shigo da sabon kitsonta, babanta a bayanta ɗauke da sauran allunan a hammata. Ta ce, "Mama." Ta haye sama da gudu. Can muka ji ta yi ƙara, don ta tarar da tsohuwar nan mai jaka a ɗakinta tana auna taga da tef.

Wannan ne ya fi yi mini ciwo, ba dariyar ba. Na bi ta sama bayan an lallaɓa tsohuwar ta fita. Tana zaune a bakin gado ta rufe fuska. Na zauna kusa da ita na ce, "Na ɓata miki rana, ko?"

Ta ce, "Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Na ce, "Ina uwa, in tambaye ki?"

Ta ɗago ta dube ni. Sai na ba ta labarin hirata da Baturen, tun daga shekarunta har zuwa taurin kai. Ta yi ƙoƙarin riƙe fushinta, ya ƙi riƙuwa. Ta faɗa kan filo tana dariya har da shessheƙa, ta ce, "Ke nan saura kaɗan ki bayar da ni kyauta, ba gidan ba." Ranar ce ta fara haɗa mini jimla guda cur da Hausa, don ta tabbatar na ji ta da kyau.

Da muka sauko, Alhaji ya riga ya huce. Yana zaune da farantin masa a cinya yana ba Baba Fasto labarin daga farko, yana ƙara gishiri. Masu neman gida sun watse, ban da Turawan nan biyu, da suka ce kunya ba za ta bar su su tafi ba su taya yarinyar murna ba. Suka zauna har yamma, matar ta sha kunu kofi biyu ta tambayi yadda ake yin sa. Rahila ta yanka kek, aka yi addu'a, aka yi rawa. Da Alhaji zai tafi ya tsaya a ƙofa ya ce, "Maman Rahila, in ka samu mai saye, ka dai tuna da ni a raba." Daga washegari Lahadi sunana a coci ya koma Dillaliya, har jikoki sun taso sun same shi.

Abin da na koya shi ne, jin Turanci daban, jin Amurka daban, kuma tambayar ɗan da ka haifa ba ta rage maka tsawo. Da ƙaninta Iliya ya gama tasa makarantar, kwali na samu na rubuta da hannuna, da Hausa: NAN NE GIDAN BIKI. Duk wanda ya iya karantawa namu ne, ya shigo ya ci. Wanda bai iya ba, Allah ya ba shi gida a wani layin.