Allin Mushe Sani

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, ina aji biyu a kolej nan Dakoro. Ni tun ina ƙarami, in malami ya kira sunana, sai amsar da na sani sarai ta gudu. A cikin kaye, wato littafin rubutu, kuwa ba mai kamo ni (ko ɗigo bai ɓata mini).

A shekarar wata madam ta zo daga Maradi ta horar da malamanmu kan yara irina, masu fargaba. Bayan horon, malamin kimiyya, Mushe Sani (Mushe muke ce wa malamai maza), ya ja ni gefe.

"Na daina yi maka ba-zata," in ji shi. "Gobe zan tambaye ka kan cikin saniya. In na aje alli bisa teburinka, lokacinka ne. Daga ni sai kai muka sani."

Burina ɗaya: in yi magana a aji sau guda ba a yi mini dariya ba. Na hardace darasin har da waƙafi.

Ana tsakar darasi sai ga direkta da madam ɗin, sun zo duba aji. Mushe ya zabura zai gaishe su da hannu biyu, ya aje allinsa a tebur mafi kusa. Nawa.

Direkta ya ce, "Yara, ina kwananku?"

Na miƙe, na runtse ido, na kwarara murya: "Saniya ciki huɗu gare ta!"

Daga can bayan aji Hadiza, sarkin tsokana, ta ce, "Wayyo, ashe yana da baki!" Dariya ta ɓarke.

Mushe yana jan rigata: "Ba yanzu ba, zauna!" Ina! Na san in na tsaya, sauran ya tafi ke nan. Madam ta ce, "Ku bar shi ya ida."

Na kai saniyar har tuƙa, sannan na buɗe ido.

"Madalla," in ji direkta. "Mu dai gaisuwa muka zo yi."

Dariyar da nake tsoro tun ina ƙarami ta same ni, ban kuwa mutu ba. Tun ranar nake ɗaga hannu a aji. Sai dai na koyi buɗe ido kafin in buɗe baki.