Kwalbar da Zarami Bai Shanya Ba

"...da gajiyar hanya, maigida? Ina kujerar Zariya da ka ce za ka kawo mini?"

Haka Falmata ta tari jikanta Zarami a ƙofar ɗakinta a Haɗeja, shekarar da kogi ya ƙi kawo ambaliya, shinkafar fadama ta bushe a tsaye. Labari ya riga shi isowa: ya faɗi jarrabawar kimiyya, gurbin karatun likita a jami'ar Zariya ya kuɓuce masa. Ta kwana biyu ba ta iya cin tuwo, amma ta rantse ba zai gani a fuskarta ba.

"Amarya ba haƙori, gaisuwar ke nan?"

"Miji ba sakamako, wace gaisuwa? Me ya kayar da kai?"

Ya zauna bakin tabarma ya ba ta labari. An ba su kwalba a ce su auna yadda iska ke kumbura da zafi, ta tsuke da sanyi. Ana dafa kwalbar cikin tafasasshen ruwa, a toshe, a kifa ta cikin ruwan sanyi a buɗe. Ruwan da ta zuƙa shi ke nuna tsukewar iskar. Shi kuwa garin sauri ya ɗauraye tasa bai shanya ba. Ɗigon da ya rage ya zama tururi, ya kore iskar, kwalba ta zuƙi ruwa fiye da kima. Duk lissafin da ya ɗora a kai ya rushe.

"Iska ka je aunawa? Ashe ɗan iska na aura."

"Da auren tsohuwa ai gara awon iska."

"Kogi guda ya ƙafe, kai ɗigo ya cinye ka. Sauri ya haifi nawa."

"Ke da kika shekara saba'in kina tafiyar hawainiya, ina kika kai?"

"Na kai ga binne kakanka da ubanka. Na zauna jiran likita, aka aiko mini mai wankin kwalba, wankin ma bai iya ba."

Maganar ta fi ƙarfin wasa, ita ma ta ji. Zarami ya sunkuyar da kai, yana murza gefen tabarma. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ai ko ya zama likitan ba shi da maganin bakinta.

Falmata ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta jima tana kokawa da munduwar azurfar da ke hannunta tun ranar aurenta, har ta fita ta bar fata fara sol. Ta jefa masa a cinya.

"Ka kayar da ni wannan karon. Kai kasuwa ka sayar, ka sake zana jarrabawar baɗi. In ka kuma faɗuwa, saki za ka ba ni."

Ya ɗauki munduwar, ya damƙe ta a tafin hannunsa.