Kaset ɗin Yaya Buba da Bakin Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka naɗa ni tafinta a falon Baffana a Karaye ba, kuma ko na so in manta, dangina ba za su bari ba. Ni dai har gobe ina kan bakana: rabin laifin ba nawa ba ne.

Lokacin ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba. Ina koyarwa a wata firamare, da yamma kuma in zauna in rubuta 'yan waƙoƙina a kan damina da faɗuwar rana. A gidanmu ni ce mai Turanci. Kwalin magani, takardar asibiti, duk ni ake miƙo wa, ni kuwa in gyara zama in karanta da yanga. Ban taɓa ce wa kowa ban gane ba.

Yaya Buba ɗan Gwaggo Hansai ne, ƙanwar babanmu da ke aure a Fulatan, can ƙasar Rogo. Tun yana kiwo aka san shi da gudu, domin maraƙi bai isa ya tsere masa ba. Ya sami tallafin karatun noma a Amurka, a can wani mai horar da 'yan wasan jami'a ya gan shi yana tsere, ya ja shi cikin irin ƙwallonsu, mai siffar gwanda, wadda ake runguma a ƙirji ana turereniya. Iyakar abin da muka sani ke nan. Sai wani abokin karatunsa da ya zo hutu ya kawo wa Baffa kaset ɗin bidiyo, ya ce wannan ne wasan da aka fi yabon Buba a kansa, har manyan ƙungiyoyi masu biyan albashi sun fara zawarcinsa. Ya sha ruwa ya kama hanyar Zariya. Bai faɗi launin riga ba, bai faɗi lamba ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. (Ku riƙe wannan, domin in ana rabon laifi ba a taɓa ba shi kasonsa.)

Aka aika wa Gwaggo. Ta iso a motar kasuwa da ƙwaryar nono da man shanu, ta ce ita gaisuwa kawai ta kawo wa yayanta, ba wani kallo. Kowa ya san zancen. Buba ɗan farinta ne, kuma irin kunyarsu ta mutanen da, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai “yaron nan”. Shekaru ke nan rabonta da ganinsa, amma ko labarinsa ake yi sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya.

Bayan azahar aka tayar da janareta. Mata suka cika tabarmi, maza suka toshe ƙofa, Gwaggo ta zauna can gefe tana kallon bango. Kaset ɗin Amurka bai jitu da na'urar Baffa ba, hoton ya fito baƙi da fari, yana ta rawa. Ga shi a lokacin sanyi aka yi wasan, kowa da riga mai dogon hannu da safar hannu, fuskoki cikin ƙarfe kamar takunkumin raƙumi. Masu ba da labarin wasan kuwa, Turancinsu ta hanci yake fita da gudu. Wallahi ko kalma biyar a jere ban kama ba.

Baffa ya juyo ya ce, “To Malama, wanne ne namu?”

A nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Amma ido ya yi mini yawa, ga kuma kunnen Gwaggo da na ga ya karkato. Sai na nutsu na yi tunani irin na mawaƙa. Akwai wani dogo mai farar riga. Kafin kowace karawa, mutanensa sai su kewaye shi suna saurarensa, sannan su jeru su durƙusa a gabansa, shi kaɗai yana tsaye, a miƙo masa ƙwallon ya cilla. Na'urar ɗaukar hoton ba ta rabuwa da shi. Na ce a raina, mutum zai aiko wa uwarsa kaset daga bayan teku ne in ba shi ne wannan ba?

Na nuna shi da yatsa, na ce ga Yaya Buba can, wanda ake durƙusa wa.

Hajiya Yalwa, matar Baffa, ta rangaɗa guɗa. Daga nan bakina ya buɗe. Duk abin da Turawan suka faɗa, sai in fassara. Na ce sun ce hannunsa kamar majajjawa. Na ce sun ce tun da aka gina filin ba a ga mai nutsuwarsa ba. (Wasu jimlolin ma sun yi mini daɗi har na yi niyyar sa su a waƙa.) Gwaggo ta bar kallon bango. Ta matso kaɗan, ta ƙara matsowa, har gwiwarta ta taɓa teburin talabijin. Ta ce tsayuwar babansa ce sak. Da wasu ƙarti suka danne shi ya miƙe yana kakkaɓe jiki, sai muka ji ta ce a hankali, “Allah ya yi maka albarka, Buba.” Kowa ya juyo ya dube ta. Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ni har ƙwalla na share, ina jin ni na haɗa uwa da ɗa.

To akwai wani siriri mai baƙar riga, can gefen hoton, wanda sai jefi-jefi ake ganinsa. Shi da baya yake fara gudu, sannan ya liƙe wa duk wanda za a cilla wa ƙwallo kamar kaska. Mai farar riga zai yi kyakkyawan jifa, sai siririn nan ya yi tsalle ya maƙe ƙwallon ta faɗi ƙasa. Hajiya Yalwa ta sa masa suna ɗan baƙin ciki. Aka tambaye ni ko wane ne, na ce wani mahassadi ne, Turawan ma ga shi suna ta Allah wadai da halinsa.

Dab da tashi, mai farar riga ya ja da baya ya cilla wata mai nisa. Siririn ya shiga gaban wanda aka nufa, ya cafe ta a sama, ya juya ya zura da gudu har ƙarshen filin, ba wanda ya ko taɓa rigarsa. Mai farar riga ya durƙusa ya dafe kai.

Gwaggo ta miƙe tsaye, ta nuna siririn da yatsa.

“Allah ya isa tsakaninka da ɗana. Ƙafar nan da kake taƙama da ita, Allah ya karya ta.”

Mata suka amsa da amin. Nawa amin ɗin ya fi na kowa ƙarfi.

Aka tashi wasa, 'yan wasa suka fara cire hulunan ƙarfe. Mai farar riga ya cire tasa. Bature ne, gashinsa kamar gemun masara. Kafin wani ya sami bakin magana, sai aka hasko siririn, abokansa sun ɗaga shi sama. Ga wushirya, ga tabon da saniya ta yi masa a goshi yana yaro. Yana dariya yana ɗaga wa na'urar hannu.

Na so ƙasa ta tsage, amma falon Baffa siminti ne. Gwaggo ta koma ta zauna a hankali. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dube ni kawai ta ce, “'Yar nan, ke fa kika ce.”

Sannan ta umarci Baffa ya mayar da kaset ɗin baya zuwa inda ta yi maganar. Ya danna, muka ga Yaya Buba yana gudu da baya har ya mayar wa Baturen ƙwallonsa. Gwaggo ta dafa ƙafar ɗanta a jikin gilashin, ta ce ta janye bakin da ta yi masa, duniya da lahira, ta yi addu'a ta tofa. Ba ta kwana a Karaye ba. Washegari ta sa malamai suka yi sauka, ta raba fura sadaka.

Wata ƙungiya ta ɗauki Yaya Buba bayan ya gama jami'a. Ya fara da zaman benci, daga baya ya sami gurbi, har aka soma sanin sunansa. A kakar wasa ta uku wani ƙato ya faɗo masa a gwiwa, wasan ya ƙare ke nan. Ya dawo gida yana ɗingishi, ya kama aikin gona da karatun da ya yi.

Shi ne ya yi mini bayanin aikin nasa. Mai tsaron baya ne, aikinsa ya hana a cafe ƙwallo, kuma in ya ƙware sosai ba a ma cillowa wajensa, saboda haka ba a nuna shi. Da ya ji labarin falon Baffa ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce a wasan nan da wuya mutum ya fita da gwiwoyi biyu lafiyayyu, ko an yi masa baki ko ba a yi ba. Ya maimaita wa Gwaggo haka a gabana. Ta ce haka ne, komai nufin Allah ne, ta ci gaba da shafa masa man shanu a gwiwar, ba ta ɗago ta dube ni ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ba wanda ya taɓa tuhumar mai kawo kaset, ko na'urar Baffa, ko Hajiya Yalwa da ta fara zagin, ko mutanen da suka ƙirƙiro wasan da gwani zai wuni yana gudu da baya a gefen hoto fuskarsa a rufe. Sai ni, baiwar Allah, da na so in faranta wa tsohuwa rai.

Amma na koyi karatun da kwaleji ba ta koya mini ba. Yanzu ko hanyar Turawa aka tambaye ni, wato garin nan na kusa da Karaye da na sha zuwa tun ina goye, sai in ce ina jin dai nan ce, amma a ƙara tambaya a gaba.