Yadda Za Ki Taka Keken Ɗinki Ba a Kira Ki Tela Ba

Ke da kike ɗinki don jin daɗin ranki kawai, matso kusa. A Haɗeja duk ɗakin da aka ji ƙarar keke, tela ce a ciki, kuma suna in ya kama mutum a garin nan har jikokinsa sai sun amsa shi. Bi matakan nan, na ba ki tabbacin mutuncinki zai tsira. An gwada su a kan Hajja Kolo, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana koyarwa a firamare, ta yi ritaya ta sayi keke don ta huta. Abu ɗaya take tsoro a duniya: a cire mata "Malama" a liƙa mata "Tela".

1. Riga su raɗa wa kanki suna

Kada ki ce "mai ɗinki", wannan tela ce ta yafa mayafi. "Maɗinkiya" kuma sai a littafin aji uku. Hajja ta zaɓi nata, ta kai shi gidan suna a garin Malam Madori, ta ce ita "mai sha'awar ɗinki" ce. Aminiyarta Barira ta ja ta gefe ta ce, "Hajja, sha'awa kuma? Da jikokinki?"

Jikarta Amira ta ce ai yanzu "fashon dizaina" ake cewa. Hajja ta gwada shi a kan wata tsohuwa mai nauyin kunne. Tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Fashi? Ke Kolo, bayan kin je Makka?" Darasi: sunan da sai kin yi bayaninsa, bar wa masu shi.

2. Ɓoye keken

Rufe shi da zani, jera kuloli a kai, in an tambaya ki ce tebur ne. Amma ki san abin da za ki fara ɗauka ranar da kogi ya shigo unguwa. Hajja ta bar katifa da buhun shinkafa a ruwa, ta fito da kan keke a ka tana salati. Duk layin suka gani.

3. Kada ki taɓa kayan kowa

Ko maɓalli. Ranar da kika ɗaura maɓallin ɗan maƙwabta, uwarsa ta riga ta auna labulenta. Hajja ta yi wannan kuskure, sai ga Modu ƙanen mijinta daga garin Guri da yagaggiyar komar kamun kifi a kafaɗa.

"Matar Yaya, ɗan taimaka."

"Modu, koma ce fa!"

"Ai duk zare ne."

4. Kada ki ce a'a, ce gobe

Wannan shi ne babban sirrin, ban taɓa faɗa wa kowa ba. A'a tana ɓata zumunci, gobe kuwa ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba a yau. Da azumi ya raba tsakiya, Mansura 'yar ƙanwarta ta kawo atamfar Sallah. Hajja ta kasa kallon idonta ta ƙi, ta ce ta dawo jibi. Jibi ta ce zare ya ƙare. Bayan nan ta ce an ɗauke wuta, alhali keken na ƙafa ne. Daga baya ta rantse saura hannu kawai, atamfar kuwa ko almakashi ba ta gani ba.

Ranar jajibere Mansura ta tsaya a tsakar gida, gaban mata masu kitso, ta buɗe atamfarta yadda ta kawo ta. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Inna, wallahi da ana cewa ke tela ce ina musu. Yau na yarda. Irin wannan ƙaryar sai ɗan sana'a."

Abin ya yi wa Hajja ciwo ƙwarai. Yanzu har ɗalibanta masu furfura in sun durƙusa gaishe ta, "Ina kwana, Malama Tela" suke cewa, a ganinsu sun ƙara mata girma.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan sunan ya kama ta, ita ta sayi kekenta, ba ni na aike ta kasuwa ba. Ba na gyaran suna, ba na sulhu da dangi. Mai ƙorafi ta dawo gobe.