Rasuwar Bernadine, Wadda Na Kwance da Hannuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata goma da baƙin mai ya ƙi fita daga cikinsu, ni Dale Wisniewski, a madadin iyalanmu na birnin Toledo, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarmu Bernadine, ƙirar 1970, mai silinda takwas, launin ruwan lemo. Ta cika ranar Talata da hantsi a wajen aikin Duane Hostetler, mai wanke ƙarfe da feshin yashi, bayan jinyar shekara goma sha tara. Gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya riga ni: lafiyarta ƙalau ranar da na kwantar da ita.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ina rarrafe, lokacin da mahaifina Casimir ya sayo ta sabuwa dal. Ta kasance mai faɗin ƙirji, mai zumunci, domin ba ta taɓa wuce gidan mai ba ta tsaya gaisuwa ba. Da safe takan yi tari biyu, "kaf, kaf," ta yi jim kamar mai shawara, sannan ta saki "ɓurum, ɓurum, ɓurum" har tagogin maƙwabta su amsa. Idan sanyi ya shigo aka fara watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, masu irinta kan rufe nasu a gareji don gudun tsatsa sai rana ta dawo. Baba bai yarda da wannan gata ba. Shekara talatin yana tafiya da ita aiki kamfanin gilashi, tana kwasar gishirin nan da cikinta, ba ta taɓa kai ƙara ba.

Rashin lafiyarta ya soma ne ranar da idon Baba ya fara rauni, ya miƙo mini makulli ya ce, "Tana ɗan ɗigar da mai. Ka duba mata, sai ka kai ni bakin tafki mu ci soyayyen kifi." Aikin wuni ɗaya ne. Amma da na ɗaga ta na leƙa, sai zuciya ta raya mini in kwance ta kaf, in sake gina ta daga tushe, ta fi yadda ta fito daga masana'anta kyau. Kafin wata ya ƙare na raba bodi da firam, wato ƙashin bayanta na ƙarfe wanda komai ke zaune a kai.

Duk wanda ya shiga wannan harka ya san da firam ake farawa. Ni ma na sani. Sai dai firam ba ya ƙyalli, saboda haka na jingine shi a bayan gareji, na lulluɓe da tamfol, na kama goge bamba. Na ɗinke kujeru, na zuba wa inji sababbin kayan ciki, na zauna jiran wani noti shekara biyu saboda na rantse ba za a ɗaura mata baƙon ƙarfe ba. Kowace Asabar ina ciki. Ana nan aka mayar da Baba gidan kula da tsofaffi, tafiyar minti ashirin daga ƙofata, ni kuwa sai dai in buga waya in ce saura kaɗan. Matata Rhonda ta taɓa tsayawa a bakin gareji ta ce, "Dale, babanka shekararsa tamanin da takwas. Wane kaɗan ne ya saura?" Na ji ta sarai, na ci gaba da goge fitila.

A watan jiya ne na yaye tamfol na kai wa Duane firam ɗin. Da ya gama feshi ya kira ni, ya nuna mini hasken rana yana ratsa ƙarfen kamar rariya. "Ɗan'uwa," in ji shi, "tsatsar ce ke riƙe da ita, ni kuma ka ce in wanke tsatsa." Masu walda uku sun duba, kowa ya cire hula ya yi mini ta'aziyya.

Ta rasu ta bar inji ɗaya mai cikakkiyar lafiya a kan karaga, da kujeru biyu da ba wanda ya taɓa zama a kansu tun da na ɗinke su, da bamba da za ka iya aske gemu a jikinta, da notuna cikin gwangwanayen kofi arba'in da ɗaya waɗanda rubutun jikinsu ya goge tun tuni. Ta bar Rhonda, wadda har yanzu ba a ga hawayenta ba.

Ni na kai wa Baba labari da bakina, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya yi dariya har ya sarƙe. "Ɗigon mai na ce maka, ban ce ka yi mata fiɗa ba," ya ce. Can sai ya lalubo hannuna. "Injin yana tashi?" Na ce yana tashi. "To me kake jira? Ido ne ya tafi, kunne yana nan." Na fito na zauna a mota na yi kuka, kuma ba Bernadine nake wa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ƙofar garejinmu. Duane zai ɗauki gawar zuwa wajen masu narkar da ƙarfe. Akwai kofi, da kabeji da kielbasa, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji. Ba a buƙatar furanni, kuma duk wanda ya zo da labarin wani firam da ake sayarwa a can jihar Arizona, Rhonda ce za ta raka shi ƙofa. Bayan an gama, iyali za su wuce bakin tafki a motar Rhonda mai ruwan toka, Baba a kujerar gaba.

Kafin tafiya za a gunguro injin waje a tayar da shi, a ɗora hannun Baba a kan totur. Muna ba maƙwabta haƙuri tun yau, domin ba za a kashe shi ba sai Baba ya ce ya isa.