Wanda Ya Ƙara wa Teku Gishiri

"Ni da tekun nan ai uba da ɗa ne. In na ce janye, ya janye. In zai dawo kuwa, sai ya aiko ya tambaye ni ko na gama."

Mai wannan magana, abokina, shi ne Mushe Firmin Kervella. Kada ka ji "mushe" ka toshe hanci, haka muke ce wa Malam a nan gaɓar Faransa, ko da yake ka yi haƙuri, za mu zo wajen. Tsohon mai yanka tikitin jirgin fito ne. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga jirgin, ya yi amai a hular matuƙi. Duk da haka ya sayi hular kyaftin a gwanjo, ya ce a riƙa kiransa Amiral, wato babban kwamandan sojan ruwa. Mu kuwa Sarkin Ruwan Kofi muke ce masa. Dukiyarsa a duniya guda ce: gashin baki murɗaɗɗe kamar ƙahon rago, wanda in ana ruwa shi yake fara yi wa lema kafin kansa.

A shagon kofin Madam Solange ya yi wannan cika baki, ana gobe babbar janyewar ruwa. A irin wannan rana teku kan ja da baya har ka daina ganinsa, gari kaf ya fita da bokitai da dogon burodi da cuku, neman wuƙa. Wuƙar nan wata halitta ce mai dogon ɓawo da ke kwance a rami cikin yashi. Ka barbaɗa mata gishiri a bakin ramin, sai sakarar ta zaci teku ne ya dawo, ta leƙo, ka cafke. Ɗan gishiri fa, abin da yatsa biyu za su ɗauka.

Gaëtan wanzami ya ajiye kofinsa. "To Amiral, gobe wuƙa nawa za mu ci a hannunka?"

"Nawa? Kai dai matsalarka ƙaramin tunani. Baro zan cika!"

"In ba ka cika ba fa?"

"Ka aske wannan!" Ya kama ƙahonsa na dama. "A tsakar kasuwa, a gaban kowa."

Madam Solange ta ce, "Firmin, ka ji tausayin leɓenka. Rabonsa da ganin rana tun ina budurwa."

Da safe sai ga shi yana tura baro, a kai buhun gishiri wanda ya kai girman maraƙi. Wai in yatsa biyu na fito da ƙaramar wuƙa, buhu zai fito da takobi. Wallahi har da waɗanda suka gyaɗa kai.

Ramin farko ya zuba cokali, tsutsa ta fito. Na biyu ya zuba kwano, ya zura yatsa, ƙaguwa ta yi masa musafaha. Ya yi ihun da tsuntsayen teku suka tashi.

"Gaisuwa ce," ya ce yana tsotsar yatsa. "Ta gane ni."

Ya ce nan wuƙaƙen yara ne, iyayen suna can ciki. Ya tura baro ya nausa, yana dogara sandarsa, har ya zama ɗan ɗigo. Can ya waiwaya, ya ga ramuka a jere a bayansa, manya-manya, zagayayyu, sun yi layi kamar sojoji.

"Ga su nan! Sun biyo ni da kansu!"

Ya koma yana ɗura musu gishiri ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya je, in ya juya sai ya ga sababbi. Murna ta kusa kashe shi. Maryvonne, mai kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, tana kan taraktarta tana kallo, ta kasa haƙuri.

"Mushe Firmin! Ramin sandarka kake ba gishiri!"

"Ke, kula da kawarki! Hassada ce."

"Ruwa ya juyo, ka fito!"

"Bai aiko ba tukuna."

To, ashe ɗan nasa ba shi da tarbiyya. Mutane suka kwashe bokitai suka hau tudu. Kafin Amiral ya ankara, tayar baro ta nutse a laka, ruwa ya zo idon sawu, ya zo gwiwa. Ya ɗaga sanda ya ce, "Tsaya nan!" Igiyar ruwa ta karɓi sandar ta tafi da ita. A nan, gaskiya, na ji tsoro ya kama ni, don ba na son mu rasa shi, gari ba ya daɗi in babu wawa.

Sai dabara ta zo masa. Ya sauke buhun, ya haye kai, ya tsaya ƙyam, ya sara mana.

"Ku kwantar da hankalinku! Amiral yana kan tudu!"

Tudun gishiri, a cikin ruwa. Muna kallo mutum ya fara gajarta. Ciki ya tafi, ƙirji ya bi, shi kuwa hannu na goshi, yana ta sarawa, yana cewa teku ne ke tasowa ya gaishe shi. Da ruwa ya iso haɓa sai ya saki sarawa, ya tallafe gashin baki da hannu bibbiyu.

"Maryvonne! Uwar ɗakina! Ki ceci gashin, ni ko oho!"

Ta shiga da tarakta, ta kwaso shi a ƙaton cokalin taraktar da take ɗibar kawa da shi, ta zo ta juye shi gabanmu tim, ciyawar ruwa a kunne, ƙahonni sun langaɓe kamar jelar ɓera. Na ce maka za mu zo wajen: ranar dai sunan Mushe ya zauna daram.

Gaëtan bai ɓata lokaci ba, da ma da askarsa ya fito yawon. Aka ɗora Amiral a kan kwandon kifi a tsakar kasuwa. Wanda ya fita neman wuƙa ya dawo ya tarar da aska. Ƙaho na dama ya faɗi, na hagu ya bi, leɓe ya fito fari fat yana rawar sanyi.

Kana zaton bakin ya mutu? Ina! Ya miƙe ya nuna teku.

"Ku je ku ɗanɗana ruwan can. Kafin in sa hannu, ai lami ne!"

Madam Solange ta tattara gashin a tawul, ta miƙa masa.

"Ungo, Firmin, yau dai ka kama wani abu. Shekara da shekaru kana ƙara wa labari gishiri muna haɗiyewa. Teku ne kawai ya ɗanɗana ya tofar da kai."